Direban Cikin Talabijin

Da an sha ruwa a gidan Malam Na'ibi da ke unguwar Kurayyat a Jidda, ba a ko gama kwashe kwanonin shurba da sambusa sai a taru gaban talabijin. Azumin wannan shekarar wani wasan barkwanci ne ya kama Jidda, kuma ba don kowa ake kallonsa ba sai don Shamsu direba. Ɗan Indiya ne a wasan, gashi sharkaf da mai, kai na rausaya hagu da dama, Larabci a kakkarye. In an aike shi kasuwa ya ɓata, in maigidansa ya zage shi ya washe baki ya yi godiya.

Jabiru, ɗan Malam Na'ibi kuma yayan Mastura, har kwanciya yake yi a ƙasa don dariya. Mahaifiyarsu Inna Tani na share hawaye da gefen mayafi. Malam Na'ibi kansa, wanda ba kasafai ake ganin haƙoransa ba, sai da wasan ya ci galaba a kansa. Mutum ɗaya ce ba ta dariya a ɗakin, ita ce Mastura, kuma kowa ya ɗauka gajiyar aiki ce.

Ba gajiya ba ce. Ta san mutumin da ke fitowa a matsayin Shamsu.

A wani ƙaramin asibiti a unguwar Bagdadiyya take aikin karɓar marasa lafiya, can yake kawo mahaifinsa mai ciwon suga. Ranar da ya fara tsayawa gabanta ta gane fuskar, ta shirya jin karyayyen Larabcin nan, sai ga sallama da Larabcin Hijaz tsantsa, wanda ya fi na Jabiru daɗin ji. Sunansa Abdulghani. A unguwar Hindawiyya, nan Jidda, aka haife shi. Kakansa ya zo aikin Hajji daga Malabar ta ƙasar Indiya bai koma ba, kamar dai yadda kakanta ya taso daga ƙasar Katsina bai koma ba. Mutum ne mai kunya, maganarsa ƙasa-ƙasa, yana riƙe hannun tsohonsa a kan matakala. Tun suna gaisuwa har ya nemi izinin zuwa gidansu, ita kuma zuciyarta ta riga ta amsa tun kafin bakinta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan Salla Abdulghani ya zo gaida Malam Na'ibi, cikin farar jallabiya, da kwalin turare a hannu. Jabiru ne ya buɗe ƙofa. Ya dube shi, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya ya juya cikin gida yana kiran uwarsa ta zo ta ga Shamsu a ƙofarsu. Mastura na kicin ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malam Na'ibi ya karɓi baƙon da mutunci, ya saurare shi, ya sallame shi ba tare da e ko a'a ba. Da ƙofa ta rufu ya kira 'yarsa.

"Mastura, wannan ne kika zaɓa mini a matsayin suruki?"

"Baba, ba haka yake ba. Wasa ne kawai, aikinsa ne."

"Aikinsa ne ya tsaya a mare shi da takalmi duniya na kallo." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi ba ta tsoro. "Mu a garin nan mun sha raini har mun ƙoshi. Ba zan ɗauko wani da hannuna in ƙara a kan wanda muke da shi ba. Gobe ki fita a ce ga matar Shamsu, jibi 'ya'yanki su fita a ce ga 'ya'yan Shamsu. Halas, shi ke nan, na rufe maganar."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannunta. "Baba, mu ne fa muka yi dariyar."

"Dariya daban, surukuta daban."

Daga nan gidan ya zama mata kurkuku. Inna Tani ta shiga yi mata nasiha safe da yamma, wai Indiyawa in ba rawa da waƙa a gindin bishiya ba me suka iya, ai tun tana budurwa take kallon finafinansu, ta san su ciki da bai. Jabiru kuwa ya samu abin yi. In zai ce ta miƙo masa ruwa sai ya rausaya kai ya faɗa da muryar Shamsu. Labari ya fita unguwa, ka san bakin mutane ba ya azumi, matan da ke sayar da gyaɗa da yaji a bakin layi suka riƙa yi mata barka da samun direba kyauta. Ta rame, ta daina cin abinci sai an matsa mata.

Abin da ya fi damunta shi ne ita ma tambayar na cinta. Wata rana da la'asar ta kira Abdulghani a waya ta yi masa ita kai tsaye: me ya sa yake fitowa a wasan nan?

Sai ya gaya mata tun yana yaro wasan kwaikwayo yake so. Ya je ƙofa-ƙofa, ya roƙi a ba shi malami, ko likita, ko maƙwabci kawai mai gaisuwa ya wuce. Ko'ina amsa ɗaya ce: da wannan fuskar, direba ko mai shara. Har wani mai shirya wasa ya sa shi ya zauna yana koyon ɓata Larabcinsa, domin nasa ya yi kyau da yawa. Ya karɓa yana cewa daga nan zai haura, ga shi har yau yana cikin motar.

"Ba zan aure ka Baba bai sa albarka ba," in ji ta. "Amma ba zan auri wani ba. Zan jira."

"Ki yi haƙuri da ni, Mastura. Ni ma a gida ba a tsaye nake ba."

Bai faɗa mata abin da yake nufi ba. Ta gane da kanta ranar da mahaifiyarsa, Hajiya Zakiya, ta zo ganinta. Shi ya yi ta roƙon uwar har ta yarda, Malam Na'ibi kuma ya ce ba a rufe wa baƙo ƙofa, ta zo ta sha shayi ta koma, hukuncinsa na nan.

Duk da haka Inna Tani ba ta yarda a ce gidanta ya gaza ba. Ta turare ɗaki, ta soya waina da kanta, ta dama kunun gyaɗa. Hajiya Zakiya ta shigo, 'yar ƙaramar tsohuwa mai tabarau, ta zauna a bakin kujera da jakarta rungume a ƙirji. Mastura ta durƙusa ta gaishe ta, ta zuba mata kunu, ta ajiye a gabanta. Matar ta dubi kofin, ta dubi hayaƙin turaren da ke tashi a kusurwa, leɓɓanta suka fara motsi. Mastura na kusa, ta ji sarai: Falaƙi da Nasi take karantawa.

Aka taɓa hira a daddafe. Kunu ya huce, waina ta yi sanyi, baƙuwa ba ta kai hannu ba. Aka kawo shayi, shi ma haka. Inna Tani ta yi tayi har ta gaji, fuskarta na sauya kala, daga ƙarshe ta tambaye ta da Larabci ko azumi take yi.

Hajiya Zakiya ba ta iya ƙarya ba. Ta ce ba azumi take ba, tsoro take ji. Ɗanta ya sauya, ba ya ci ba ya barci, kullum sunan yarinyar nan. Ita kuma ta sha gani a talabijin yadda matan takari, baƙaƙen Afirka mazauna ƙasar, suke yi, turare da ƙulle-ƙulle, a zuba wa mutum abu a kofi ya manta uwarsa.

Inna Tani ta miƙe tsaye a fusace, amma kafin ta buɗe baki murya ta fito daga bayan labulen da ya raba ɗakin da zaure. Ashe Malam Na'ibi na zaune a can tun ɗazu.

"Ya Hajiya, kin taɓa shiga gidana kafin yau? Kin taɓa tambayar limamin unguwarmu su wane ne mu? 'Yata ta sauke Alƙur'ani a garin nan. Don wasu sun shafa wa wata baƙin fenti a fuska sun ba ta kasko a talabijin, shi ke nan kin san mu? A akwati za ki karanta mutane?"

Mastura ta zaci tsohuwar za ta tashi ta fita. Ba ta tashi ba. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta juya wajen labulen.

"Gaskiyarka, ya Abu Jabir, na yi kuskure. Amma ɗazu a kan matakalarku ɗanka ya tare ni ya yi mini maraba yana rausaya kai, da muryar da kuke yi wa dariya. Shi a ina ya karanta ni?" Ta goge ido da gefen mayafi. "Ka san muryar wa ce wannan? Ta surukina ce, kakan Abdulghani. Haka yake Larabci har ya rasu. Da wannan Larabcin ya yi ɗawafi, da shi ya ciyar da 'ya'yansa. Kullum aka kunna wasan nan sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa, ina jin maƙwabta na dariya ta bango."

Jabiru, da ke tsaye a ƙofar kicin, ya sulale ya bar wurin. Inna Tani ta koma ta zauna a hankali. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ga shi yau gida biyu sun tsinci kansu a kan tudu ɗaya.

Kada ka zaci a ranar aka shirya. Hajiya Zakiya ta tafi ido jawur, Malam Na'ibi ya yi kwanaki ba ya magana da kowa, Mastura ta tabbatar komai ya rushe. Ta yi kuka har ta gode Allah. Amma ba ta yi wa uba tsawa ba, ba ta daina kai masa shayinsa ba, ba ta kuma sake ɗaga maganar ba. Watanni suka shige a haka.

Gab da watan Sha'aban aka kira Abdulghani ya zo a fara ɗaukar wasan sabon azumi. Ya ce zai zo in an bar Shamsu ya yi magana kamar mutum, ya zama yana da iyali da hankali. Aka yi masa dariya, aka ɗauki wani. Ya koma shagon turaren mahaifinsa a tsohon gari, mafarkin da yake ɗauke da shi tun ƙuruciya ya tsaya a nan, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Bai aika wa Malam Na'ibi labari ba. Jabiru ne ya ji a gari, ya kawo gida, kansa a ƙasa.

Washegari Malam Na'ibi ya sa babbar rigarsa ya ce za shi tsohon gari. Da ya dawo yana ƙanshin turaren udu, ya zauna ya kira 'yarsa. Ya ce ya yini a shagon Malam Othman, mahaifin yaron, sun ci abinci a kwano ɗaya, ya tambayi maƙwabta ya tambayi masallaci, abin da ya kamata ya yi tun farko.

"Fuskarsa dai ba za ta fita daga idon mutane ba, Mastura. Za a kira ki da sunan nan. Za ki iya?"

"Zan iya, Baba, in kai ba ka kira ni da shi ba."

Ya kawar da kai, ya daɗe yana gyara hularsa da ba ta karkace ba.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Salla a masallacin unguwa. Mastura na gida cikin mata, Hajiya Zakiya na gefenta tana gyara mata lulluɓi, amma taga na buɗe, tana kallon maza na fitowa. Abin da uban ya ji tsoro kuwa bai fasa zuwa ba. Daga cikin taron wani ya ɗaga murya ya kira Shamsu, ya ce yalla, maza a kawo mota, dariya ta fara bin sahu. Ta ga kafaɗun mijinta sun sauka.

Malam Na'ibi ya tsaya cak. Ya kama hannun angon ya ɗaga, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya har dariyar ta mutu.

"Sunansa Abdulghani ɗan Othman," in ji shi. "Surukina ne. Wanda yake son saninsa ya zo gidana ya zauna, ni ma sai da na zauna na san shi."

Mastura ta kifa kai a kafaɗar surukarta ta fashe da kuka, tsohuwar na bubbuga bayanta tana kiranta 'yata.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, Mastura ta dafa nata ba ta saɓa wa iyaye ba. Mu kuma da muke zaune gaban akwati muna ƙyaƙyatawa, sai mu tuna wanda ake yi wa dariyar yana da uwa a wani gida, kuma gobe in an sauya tasha mu ne a ciki. Wanda ka gani a talabijin ba ka san shi ba tukuna. Sai ka je ka yi masa sallama.