Katin da Kwamfuta Ta Ƙi

Magariba ta kawo jiki, Likita yana zaune a tsakar gida yana yanke farce, dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa tagar ofis. Na uku ya same shi a goshi, jini ya rufe masa ido. Ya leƙa waje, titi babu ko kare.

Ƙaramin asibitin haihuwa gare shi a gaban gidan, gadon mahaifiyarsa ungozoma. Sun sayi kwamfuta huɗu sun haɗa su da waya, saura manhajar da za ta riƙe bayanan masu haihuwa. 'Yarsa Auta, wadda ta karanci ilimin kwamfuta, ta kawo guda biyu. Ɗaya mai sauƙin kai ce, ko an bar gurbi babu komai za ta karɓa. Ɗayar kuwa ba ta karɓar kati sai da sunan uba da lambar waya. Auta ta so ta farkon. Likita, mutumin da ko cokali sai ya jera a layi, ya kafe a kan ta biyun.

Katunan haihuwa dubu uku na asibitin suka shiga kwamfuta, ɗaya ya ƙi. Tsoho ne, da rubutun marigayiya: sunan jariri kawai, sai "bayan rijiya" a wurin adireshi. Likita ya ce shirme ne, ya ƙyasta masa ashana da hannunsa. A yammacin nan aka fara jifa.

Ran na huɗu, rana na faɗuwa, Auta ta miƙe daga gaban kwamfuta, ta ɗaga teburin ƙarfe da hannu ɗaya ta maka shi da bango, kwamfuta uku suka tarwatse. Ta shaƙe wata nas ta asibitin har idon nas ɗin ya fito. Sannan ta shiga buga nata kan da ƙofa, jini na bin katako. Likita ya danne ta, ya murɗe hannunta ta baya da dukan ƙarfinsa, har aka ji ƙas. Tsoro ya hana shi saki.

Aka ɗauko Malam, wani siririn tsoho mai gyaran agogo a bakin titi. Ya zauna a cikin fasassun gilasai, ya daɗe yana karatu. Can wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakin Auta.

"Uwarka ce ta karɓi haihuwata. Kwana bakwai yaron ya yi ya mutu. A duniyar nan kaf, katin nan ne kawai wurin da aka rubuta sunansa. Ka ƙone mini ɗa, zan tafi da taka."

"Ki faɗi abin da zai raba ki da ita," in ji Malam.

"A mayar da sunan cikin sauran yara."

"Zan mayar!" Likita ya yi caraf. "Gurbin uba in sa kowane suna, lambar waya in sa tawa."

Kujera ta taso daga lungu ta ragargaje a bayansa.

"Ƙarya za ka rubuta a kan ɗana?"

Malam ya dubi Likita da ke birgima a ƙasa. "Ba ka da manhajar da take karɓar abu yadda yake?"

"Akwai," ya ce da kyar. "Ita yarinyar ta zaɓa, na hana."

"Zuwa magaribar gobe," in ji muryar. "In rana ta faɗi babu sunan, ku tanadi likkafani." Ta faɗi sunan sau biyu, a hankali. Auta ta yi atishawa ta sulale.

Da ta farfaɗo, Likita ya durƙusa ya zayyana mata komai, don duk gidan babu mai iya sauya manhajar sai ita. Ta yunƙura za ta tashi, ta kurma ihu. Hannun dama yana reto.

"Baba, wa ya karya mini hannu?"

Da a ce ya ce aljana ce, da kowa a ɗakin ya mara masa baya.

"Ni ne, Auta."

Ta dube shi. Sannan ta nuna kwamfutar da ta tsira da haɓarta.

"To zauna. Ni zan faɗa, kai ka danna."