Makin da Maharbiya ta Ƙara wa Kanta

Wata yarinya ce 'yar aji biyar, mai kyan rubutu da saurin lissafi. A ajinsu akwai wasan da ake yi duk ranar Laraba bayan an tashi. Ana zama a kewaye tebur, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda. Malama ta riƙa ba da labari, su kuma su jefa ƙwayar ludo a ga abin da zai sami jaruman.

Littafin dokokin wasan yana da kauri, kalmominsa kuma masu wuya. Sai Malama ta ba yarinyar shi, ta ce ta taƙaita dokokin ƙirƙirar jarumi a shafi ɗaya.

A gida ta zauna ta rubuta. Kowa yana da maki goma, ya raba su tsakanin ƙarfi da wayo da sauri. Har ta ajiye biro, sai ta tuna da jarumarta, wata maharbiya. Ta duƙa ta ƙara layi a can ƙasa, da ƙananan haruffa: "Maharbi yana da ƙarin maki biyar, kuma maharbi ɗaya ne a wasa."

Ranar Laraba aka zauna. Abokinta Gajere ya ƙirƙiri maƙeri. Ƙawarta Mai Gilashi ta zo da jarumarta, wata mai magani, ta zana ta da fenti har da jakarta.

Malama ta ce ga dodo ya tare gada. Maharbiya ta harbe shi. Ga ƙofa a kulle, maharbiya ta buɗe. Ƙwayar ko hannun sauran ba ta je ba. Gajere ya fara hamma.

Mai Gilashi ta leƙa takardar yarinyar, ta ce, "Malama, ya aka yi makinta ya kai sha biyar?"

Malama ta ɗauki shafin dokokin, ta karanta ƙaramin layin kowa yana ji. Ta tambayi yarinyar inda ta samo shi.

"A littafin," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Malama ta miƙa mata littafin. "Nuna mana."

Ta yi ta buɗe shafuka har ta kai bango, ba ta same shi ba. Babu wanda ya yi dariya. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Mai Gilashi ta ninke zanenta ta sa a jaka. "Kwana uku ina zana ta," ta ce, "ko mutum ɗaya ba ta warkar ba."

Da ta koma gida ta kasa cin abinci. Umma ta matsa mata, ta faɗi komai tana kuka.

Umma ta ce, "Amana aka ba ki, 'yata, kika ci, kika kuma ɗora ƙarya a kai. Gobe ki je ki gyara da bakinki."

Washegari ta tsaya gaban Malama da abokanta, kanta a sunkuye. Ta ce ita ta ƙirƙiri dokar don ta fi kowa, ta roƙi su yafe mata. Mai Gilashi ta matsa mata wuri a benci.

Malama ta ce su sake dokokin tare. Gajere ya kawo shawara: kowane jarumi ya zama yana da abu ɗaya da bai iya ba. Yarinyar ta rubuta cewa maharbiyarta tana tsoron ruwa.

A wasa na gaba suka iso bakin kogi. Maharbiya ta ƙi tsallakawa, sai da maƙeri ya haɗa musu kwalekwale. A tsallake maciji ya sari maharbiya, mai magani ta ceci ranta. Suka yi ta dariya har aka zo rufe aji.

Malama ta ce, "Idan aka ba ku tsara doka, ku yi wadda za ta yi wa kowa adalci. In kuwa kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya ku gyara."