Kunyar Ɗan Fari

"Inna, don Allah a bar ni na gan ta... ko a zaure ne."

"Ikon Allah! Mai jego za ka gani? Ku yaran yanzu ba ku da ta-ido!"

Nafi'u ya ƙara sunkuyar da kai. Tun daga Tanout ya baro garejinsa ya kamo hanyar Gangara a kan moto mai ƙafa biyu, ga shi tsugune gaban surukarsa Inna Kadi. Matarsa Sakinatu ta zo gida wankan haihuwar fari, kuma tun ranar suna ba ta ƙara ɗaukar wayarsa ba.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Inna tana murmushi. "'Yar halak ce! Ko kallon yaron ba ta yi. Sai an matsa mata take ba shi nono, kanta a juye. Duk unguwa ana yaba kunyarta."

Yabon nan ne ya tsinka masa zuciya. Kowa ya san uwa ba ta nuna son ɗan fari, ba ta kiran sunansa. Amma shi ya san Sakinarsa. Yarinyar da ta ɗinka huluna tun cikin bai fito ba, har tana yi wa cikin hira, ita ce yau ba ta kallon ɗanta?

Ya yi ta magiya har Inna ta gaji ta turo masa Sakinatu zaure.

Da ta shigo zauren sai da ya kusa rasa gane ta. Ta zabge, idanunta sun faɗa, sai ƙamshin ganyen wanka ke tashi daga jikinta.

"Sakinata... hasken idona, me ya same ki?"

"Ba komai."

"Dube ni."

Ba ta ɗago ba. Hawaye kawai suka fara ɗiga kan zanenta.

"Yaya Nafi'u, ba kunya ba ce," ta ce a hankali. "In yana kuka, ji nake kamar a bayan gari ake yi. Ina neman sonsa a raina, na rasa. Ba na barci, ba na jin ɗanɗanon komai... su kuma sai sa mini albarka suke yi. Wace irin uwa ce ni? Wallahi gara a ce babu ni."

Nafi'u ya zuba mata ido. Ya taɓa jin wannan maganar. Ranar da ya kai ta awo, wata dattijuwa Asibi, mai wayar da kan jama'a a likita, wato asibitin Gangara, ta tara mutane ƙarƙashin bishiyar dogon yaro tana bayanin ciwon damuwar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ta ce yana da magani, amma in mai jego ta ce gara babu ita, kada a jira gobe. Mazan da ke wurin dariya suka yi, shi ma ya taya su.

Ya koma gaban Inna.

"Inna, ba ta da lafiya. A bari na kai ta likita."

"Likitan me? Jini ya tsaya, nono na zuwa."

"Ciwon a zuciya yake."

"Rufe mini baki! So kake a ce 'yata ta taɓu? Ƙannenta fa, wa zai aure su? Tashi ka tafi, sai ta yi arba'in."

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa. Daga cikin gida jaririn ya tsanyara kuka, kuma babu wanda ya motsa. Nafi'u ya juyo.

Abin da suruki bai taɓa yi ba a gidan nan, shi ya yi. Ya kutsa tsakar gida ko sallama babu, ya wuce mata masu daka, ya wuce Malam Umaru mahaifinta da ke alwala. Ya ɗauki ɗansa na fari daga kan tabarma, ya rungume shi a gaban kowa.

"Attahir," ya kira sunan da ƙarfi. "Yi shiru, Attahir... Baba ya zo."

Taɓare suka tsaya cak. Wata ta rafka salati.

"Ku ce ba ni da kunya, na yarda!" Hawaye suka wanke masa fuska. "Amma ku tambaye ta abin da ta faɗa mini yanzu. Kuna yabonta, ita kuwa mutuwa take roƙo!"

Inna Kadi ta dubi 'yarta da ke jingine da bangon zaure. Sakinatu ba ta musa ba. Ƙwaryar da ke hannun Inna ta suɓuce, kunun kanwa ya malale a ƙasa.

A ranar ya kai Sakinatu likita, Inna na goye da jaririn. Asibi ta zaunar da ita, ta saurare ta ba gaggawa, majo, babban malamin jinya, ya duba ta. Daga nan kowane mako sai Asibi ta leƙo gidan.

Sauƙin bai zo da gudu ba, kuma bai zo kyauta ba. Malam Umaru ya daina amsa gaisuwar Nafi'u, 'yan unguwa suka sa masa suna marar kunya. Abin na cin ransa, ya haɗiye.

Wata safiya ya zo ya tsaya a zaure kamar yadda ya saba. Sakinatu ta fito, yaron a hannunta, ba wanda ya matsa mata. Har yanzu a rame take. Ta daɗe tana kallon 'yar fuskar, leɓunanta na motsi.

"Attahir..." ta raɗa. "Ka yafe mini, na makara."

A bayan zana, Inna Kadi ta ji. Ba ta tsawata ba, sai ta toshe bakinta da gefen mayafi tana kuka.