Kalmar da Tabita Ta Ƙi Rerawa

Tabita na durƙushe tana tsince guntayen takarda. Waƙar Iliya ce, wadda ya yi wata biyu yana tsara wa mawaƙan majami'a, mahaifinta ya yayyaga.

"Baba, me ta yi maka?"

"Ni zai yi wa habaici?" in ji Mushe Abarshi. "Wai fari da baƙi jini ɗaya, mai raƙumi da mai jan akala uba ɗaya... A majami'ar da na ɗora wa kwano da hannuna?"

Mushe Abarshi, kamar yadda ake kiran malamai a can, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, aiki ya kawo shi Gure daga Dogon Dutsi tun Tabita na goye. Kiristocin garin ba su cika benci goma ba, shi ne dattijonsu. Iliya kuwa ma'aikacin likita ne, wato asibiti, shi ke kaɗa musu jita, saura sati uku manyansa su zo neman aurenta.

"Rifkatu ta gaya mini komai," in ji mahaifinta. "Kakarsa baiwar masu raƙuma ce a Alakos. Gidana ba ya haɗa jini da bayi."

Rifkatun nan, kusa da Tabita take tsayawa a layin mawaƙa. Ta daɗe tana kai wa Iliya dabinon kwari, shi kuma yana raba wa marasa lafiya. Kun san irin wannan ba ta yafewa.

Da hantsi Tabita ta sami Iliya a likita yana wanke hannu. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Ƙarya Rifkatu ta yi maka, ko?"

"Gaskiya ta faɗa. Kakata har ta mutu ba ta ci abinci ba sai iyayengijinta sun ƙoshi. Domin ita na yi waƙar."

"Iliya, masoyina..."

"Na ɗauka a majami'a ba a tambayar kakar mutum. Zan nemi a mai da ni garin Bune."

"Ni fa?"

"Ke ƴar gida ce. Ki nemi ɗan gida."

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye.

"Ka zo ran Lahadi. Ka zauna can baya, ba sai ka taɓa jita ba. Bayan nan ka tafi duk inda ka ga dama."

To, Mushe Abarshi yana da wata waƙa da ya tsara tun yana saurayi, da ita ake buɗe sujada kowace Lahadi. Tabita ce ke bayarwa, sauran su amsa. Farkonta: "Ga bayinka, ya Yesu, ga bayinka sun zo."

Ranar Lahadin Tabita ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga murya.

"Ga... ya Yesu, ga... sun zo."

Masu amshi suka dubi juna. Ta sake, ta bar gurbin nan a buɗe.

"Tabita, kin manta waƙar ne?" in ji mahaifinta, fuska a murtuke.

"Ban manta ba, Baba. Kai ka ce gidanmu ba ya haɗa jini da bayi. In haka ne, ni da kai ba mu da bakin rera ta. Mutum ɗaya ne a nan ya cancanta, ga shi can baya."

"Marar kunya," in ji Rifkatu. "Matsa, ni zan bayar."

"Bayar mana. Ke kika kai kalmar gidanmu, sai ki rera ta yana kallonki."

Rifkatu ta buɗe baki, ta waiga ta ga Iliya, ta koma ta zauna.

Mushe Abarshi ya tashi da kansa, jijiyar wuyansa a miƙe. Waƙarsa ce, shekara talatin yana rera ta.

"Ga ba..."

Nan ta tsaya masa. Ya yi gyaran murya, ya sake, ta ƙi wucewa.

Ya daɗe a tsaye. Can ya cire tabarau, bai dubi ƴarsa ba.

"Kai, bawan Allah," in ji shi. "Taso ka ɗauki jitarka."

Iliya bai motsa ba.

"Wace waƙa, Baba?"

"Wadda na yaga."

"Tana kaina," in ji Tabita, hawaye na zuba.

Kada ku ɗauka dattijon ya huce nan take. Kwana tara ya yi ba ya amsa gaisuwarta, ko tuwon da ta tuƙa ba ya ci. Amma da manyan Iliya suka iso daga Alakos, shi ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa hannu a akushi ɗaya da su.

Ranar ɗaurin aure da waƙar dattijon aka buɗe. Da aka zo kan kalmar nan, muryarsa ta danne ta kowa.