Tarwaɗa Mai Ƙwai

A wani zamani, a bakin wani kogi, akwai gidan masu bandar kifi. Tsohuwar gidan, Iya Dudu, in ta ga kifi mai ƙwai, sai ta mayar ruwa ta ce, "Je ki haifa wa jikokina."

Bayan rasuwarta kifi ya yi wuya. Rannan mijin jikarta Tasalla ya kamo tarwaɗa ɗaya tak, cikinta fal ƙwai.

Ya ce, "Gasa mana, Tasalla. Tun jiya kunu kawai yara ke sha."

Ta ɗauki wuƙa, ta ajiye. Ta kai tarwaɗar bakin ruwa ta durƙusa. "Je ki haifa wa jikokina."

Ranar kunu suka sake sha. Har yau hayaƙin banda bai ɗauke a gidan ba.