Gugan Masu Rijiya

Duk Dakoro an san hannuna a gyaran mota, ni Rabo. Lakwal ma, makarantar boko, kunamar da na saka wa malam a hula ce ta raba mu, ba rashin kai ba.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, muna dawowa daga Bader Gula cikin Fijon Alhaji Sa'adu, Mijinyawa na tuƙi. Robobin amartisar na baya, masu shanye gargada, sun cinye, ƙarfe na cin ƙarfe, ƙwas-ƙwas. Rana ta yi ja. Mijinyawa ya tsaya gefen wata tsohuwar rijiya, ya ce in ban yi dabara ba, ƙarfen zai karye mu kwana daji.

A bakin rijiyar akwai gugan robar taya rataye a gwafa. Makiyaya ke barin sa don masu rijiyar, mutanen ɓoye, wai su ma da magariba suke ɗiban nasu ruwan. Mijinyawa na salla, na yanko zobba biyu daga gindin gugan, na cusa, na ɗaure.

Mota ta tashi lumui. Na shiga yabon kaina.

Sai warin laka.

Muka faɗa rami. A bayanmu wani abu ya ce tsundum. Mu kuwa hatsi muka ɗauko, ba ruwa ba.

Mijinyawa ya ƙara wuta. Inji na kuka, amma baya muke yi. A ja, a tsaya. A ja, a tsaya. Yadda ake jan igiya.

"Rabo," ya ce ƙasa-ƙasa, "mi ka sa mata?"

"Roba."

"Ta wa?"

Na dira na shige ƙarƙashi. In an tsaya in murɗa noti, in an ja bayana ya gogi yashi. Ruwa mai sanyi na ɗigo mini a fuska. Dab da kunnena wani na haki, hakin ƙishirwa.

Zobe ɗaya ya fita.

Ashe jan ya maido mu har rijiyar. Dugadugaina suka wuce itacen bakinta. Ba ƙasa.

Na fizgo na biyun, na wurga su ciki.

Ban ji faɗuwarsu ba. An cafe.

Muka shiga Dakoro da ƙwas-ƙwas ɗinmu, Mijinyawa na rantsuwa bai taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba. Har gobe ina faɗa, ba wanda robarsa ta taɓa zama kamar tawa. Sai dai tun ranar, duk gugan da na zura rijiya, da huda biyu yake fitowa.