Kwikwiyon Jaririn Cikin Tulu

Rana ta kusa faɗuwa Ermete ya ɗauki babur zai haura tudu, wai ya manta bai rufe ramin tonon kayan tarihi da tamfol ba. Haka dai ya gaya wa matarsa Nazzarena.

"Tamfol, kuma babu ko gajimare?" in ji ta. Jikansu Tito na kafaɗarta, kwana da kwanaki yana kuka, jiki kamar garwashi.

"Ke dai kullum ni ne abin zargi a gidan nan," in ji shi, yana murza gashin bakin da yake taƙama da shi a duk faɗin yankinsu na Umbria. "Mutum ya tsufa yana tona tarihi, ba mai gode masa."

Bai gaya mata abin da ke aljihun kwat ɗinsa ba.

A tsohon gidan gonar Rumawan zamanin da, wanda suke tonawa tsakanin itatuwan zaitun, sun iske ɗaki guda cike da tuluna, kowanne da ƙasusuwan jariri a ciki. Shugabar aikin, Dakta Ortensia, ta ce zazzaɓin sauro ne ya kwashe su bayan gidan ya zama kufai. A bakin tulu ɗaya akwai ƙasusuwan kwikwiyo, an binne shi tare da yaron don ya tsare shi. Suka bi ƙa'idar aiki: ƙashin dabba aka zuba a leda mai lamba aka kai rumfa, na mutum aka bar shi a wurin sai an zana hotonsa.

Ermete kuwa, da ba ya iya ganin Dakta tana cin abinci cikin kwanciyar hankali, ya zare ƙoƙon kan kwikwiyon zai ɗora mata a kan cuku. Ya manta. Ya tafi da shi gida, ya rataye kwat a ƙofar ɗakin da Tito ke kwana. Washegari yaro ya tashi da zazzaɓi.

Shi dai wasa ya yi niyya. Haka yake ta gaya wa kansa har ya kashe babur a bakin shinge.

Ƙararrawar coci ta buga daga kwari, ta yi shiru. Ba tsuntsu, ba gyare. Sai sauro ɗaya da ke zagaya kunnensa.

Ya shiga rumfa, ya lalubo ledar, ya karanta lambarta, ya mayar da ƙoƙon kan cikin sauran ƙasusuwan, ya ɗaure.

"To, ga kayanku nan," ya raɗa. "Kowa ya koma mazauninsa. A bar mini jika."

Sai ya ji wari. Warin nono da ya kwana a zani, da ƙaurin toka.

Daga wajen ramin, wani abu ya ja numfashi. Sannan kuka. Siriri, shaƙaƙƙe, kamar daga cikin randa.

Ya san kukan. Shi ya baro a kafaɗar Nazzarena.

"Na mayar fa," ya ce. "Lamba ma daidai take."

Ledar ta motsa a hannunsa.

Ƙasusuwan suka yi ƙas-ƙas, suka taru a kusurwa ɗaya, wadda ke fuskantar ƙofa. Kamar kare yana jan igiya.

A nan ya gane. Ba leda yaron cikin tulun yake wa kuka ba. Tun kafin a gina cocin garin suke kwance tare da kwikwiyonsa, sai da masu tono suka zo suka raba su.

Ya bi ledar. Ya taka daɓen duwatsu masu launi, ya sauka ramin. Duhu ya riga shi isa ƙasa. Kukan ya cika ɗakin, sauran tulunan suka fara amsawa.

Ya durƙusa. Ya kwance ɗaurin da haƙori. Ya zazzage komai a bakin tulun, yana tura ƙoƙon kan ciki da yatsa.

"Yi haƙuri, ɗan yaro. Ni ne. Ni na raba ku."

Shiru.

Wani abu ya kama yatsan.

Ƙaramin hannu. Sanyi kamar ruwan rijiya. Bai saki ba.

Yana ja.

Ƙasa ta fara zubowa daga bango, a kan wuyansa. Hannunsa ya shige har gwiwar hannu.

Sai ya ji harshe mai ɗumi ya lashi wuyan hannunsa, sau ɗaya. Riƙon ya sassauta. Yaro ya sami abin da yake nema.

Bai tsaya neman babur ba. Da ƙafa ya gangaro, takalmi ɗaya.

Ya iske Tito yana barci, gumi ya jiƙa masa kai, Nazzarena tana sa wa Ermete hannu a baki kada ya tashi yaron.

Da safe Dakta Ortensia ta tsaya a bakin rami, hannu a ƙugu.

"Wane mahaukaci ne ya cakuɗa mini ƙasusuwa? Ermete!"

"Ai dama na sani," in ji shi. "Ko tsawa ta faɗo, Ermete ne. To ni ne, ranki ya daɗe. Ki kore ni, amma kada ki sake raba su."

Ta dube shi tana jiran dariyar da ya saba. Ba ta zo ba. A akwati ɗaya aka ɗauke jaririn da kwikwiyonsa.

Har yau yatsan bai yi ɗumi ba, da hagu yake murza gashin baki, shi ya sa gashin ya karkace. Tito kuwa, in kakan ya miƙa masa hannun, kowane yatsa yana kamawa ban da wannan.